Dariya da Darajar Mace: Nazari a kan Wasannin Ban Dariya na Talabijin a Ingila da Italiya da Amurka

1. Gabatarwa

Sanin kowa ne ba abin da ke saurin shiga zuciyar ɗan Adam kamar raha. Maganar da mutum zai ƙi karɓa in an faɗa masa ita da gaske, sau da yawa ya kan haɗiye ta bai sani ba in an cuɗanya ta da dariya. Shi ya sa a kan ce da wasa a ke gaya wa wawa gaskiya. To, amma ba gaskiya kaɗai ke bin wannan hanya ba, raini ma ta nan ya ke bi, ya shiga gida ya zauna ba wanda ya yi masa iso.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda waɗansu shahararrun wasannin ban dariya na talabijin a Ingila da Italiya da Amurka suka ɗauki mata, tun daga 1955 har zuwa farkon wannan ƙarni, sa'an nan a auna hujjojin da masu shirya su suka riƙa kare kansu da su. Hujjojin nan biyu ne. Ta farko ita ce, wai ba mace a ke yi wa dariya ba, namijin da ya ruɗe a kanta shi ne wawan wasan. Ta biyu kuwa ita ce, wai wasan kwaikwayon ba'a ne, watau an kwaikwayi mugun hali ne don a tona shi. Za a nuna cewa dukansu biyu suna da ɗan abin kamawa, amma kuma dukansu sun kauce wa tambaya guda, ita ce: wa aka ba baki a cikin wasan, wa kuma aka ajiye don kallo kurum?

2. Ma'anar mai da mace kaya

Kafin a shiga misalai ya kamata a fayyace abin da a ke nufi. Nuna kyakkyawar mace a talabijin ba shi ne abin zargi ba, haka kuma yin raha a kan sha'anin maza da mata, gama wannan tsohon abu ne a cikin adabin kowace al'umma. Abin da masana ke magana a kai shi ne a ɗauki mutum a yi da shi yadda a ke yi da kaya.

A 1995 wata masaniyar falsafa ta Amurka, Martha Nussbaum, ta lissafta alamomi 7 na wannan hali. Uku daga cikinsu sun fi dacewa da abin da ke gaba. Ta ɗaya, a mai da mutum abin biyan bukatar wani. Ta biyu, a ɗauke shi abin da a ke iya musanyawa da irinsa ba tare da an yi hasarar kome ba, kamar yadda a ke musanya sule da sule. Ta uku, a yi kamar ba shi da zuciyar da ke ji ko tunanin da za a kula da shi. Daga baya, a 2009, wata masaniyar, Rae Langton, ta ƙara 3 a kai: a taƙaita mutum ga jikinsa, a taƙaita shi ga kamanninsa, a kuma hana shi magana.

Akwai kuma abin da Laura Mulvey ta bayyana a 1975 game da sinima. Ta nuna cewa mai kallo ba shi ke zaɓen inda zai duba ba, kamara ce ke zaɓa masa, kamarar nan kuwa galibi tana duban mace ne da idon namiji. Wannan magana tana da muhimmanci ƙwarai a nan, domin marubucin wasa ya kan iya faɗin abu guda da baki, alhali kamara tana faɗin wani dabam.

3. Tushen al'adar a Ingila

Talabijin bai ƙago wannan irin raha ba, gadonta ya yi. Tun zamanin Sarauniya Biktoriya akwai ɗakunan waƙa da barkwanci a biranen Ingila inda ma'aikata ke taruwa da dare, rahar wurin kuwa yawancinta habaici ne mai harshen damo a kan sha'anin aure. Akwai kuma katunan hoto na ban dariya da a ke sayarwa a garuruwan bakin teku, waɗanda wani mai zane, Donald McGill, ya yi suna da su. A cikin katunan nan mace iri biyu ce kurum: ko budurwa mai cikar jiki wadda maza ke leƙe, ko kuwa ƙatuwar matar aure mai masifa wadda mijinta ke tsoro. George Orwell ya rubuta maƙala a kansu a 1941, a 1954 kuma aka gurfanar da McGill gaban shari'a a garin Lincoln bisa laifin batsa, aka ci shi tarar fam 50.

Wani abin lura shi ne gidan wasa na Windmill a Landan. Hukumar tace wasanni ta wancan zamani ta yarda a nuna mata tsirara a kan dandamali, amma da sharaɗin kada su motsa. Saboda haka sai a jera su kamar gumaka, masu barkwanci maza kuwa su fito tsakanin nuni da nuni su yi ta zuba. Ga rabon aikin nan a fili: magana ta namiji, tsayuwa ta mace. Da wannan rabo aka shiga talabijin.

Har ma wasan da aka fi yabo da sabuwar basira, watau Monty Python's Flying Circus, wanda BBC ta nuna daga 1969 zuwa 1974, bai kuɓuta ba. In ana bukatar tsohuwa mai surutu, wadda ke da maganganun ban dariya, sai mazan su ɗaura ɗankwali su yi da kansu. In kuwa ana bukatar budurwa kyakkyawa, sai a kira Carol Cleveland.

4. Wasan Benny Hill

Ba wanda ya kai wannan al'ada nesa kamar Benny Hill. An haife shi a Southampton a 1924, ya fara wasan da ke ɗauke da sunansa a BBC a 1955, sa'an nan ya koma kamfanin talabijin na Thames a 1969, inda ya zauna shekara 20. A 1971 masu kallonsa a Ingila sun haura miliyan 21. Daga 1979 aka fara nuna shi a Amurka, aka kuma sayar da shi ga ƙasashe masu yawa, domin babban rabon wasan ba ya bukatar fassara.

Lalle ba a musun gwanintarsa. Shi ke rubuta wasanninsa da waƙoƙinsa, ya iya kwaikwayon murya, ya kuma san dabarun kamara tun sa'ad da sauran masu barkwanci ba su bar salon dandamali ba. Amma duk wanda ya kalli wasan zai ga abubuwa kaɗan ne ke ta dawowa. Ga ma'aikaciyar jinya ta sunkuya, ga tsoho yana leƙe. Ga iska ko ƙusa ko ƙofar mota ta fizge wa mace riga, ta tsaya da tufafin ciki tana ihu. A ƙarshe kuma sai tseren nan da kowa ya san shi da shi: a ƙara wa hoton sauri, a sa kiɗan Yakety Sax na Boots Randolph, jerin mutane su bi Hill da gudu cikin lambu, a cikinsu har da mata waɗanda tufafinsu ke raguwa.

A 1980 aka ƙara ƙungiyar 'yan mata masu rawa da a ke kira Hill's Angels. Daga nan sai rawa da ƙananan tufafi ta ci wani babban kashi na shirin, kamara kuma ta riƙa matsowa kusa da sassan jiki. Waɗansu daga cikin 'yan matan, kamar Louise English da Sue Upton, sun sami ɗan abin faɗa a cikin wasanni. Amma yawancinsu mai kallo ba ya sanin sunansu, in an cire wannan an sa waccan ba ya lura. Ba kuwa rashin basira ya jawo haka ba. Jane Leeves, wadda ta taɓa zama cikin ƙungiyar, ita ce daga 1993 ta shahara a Amurka cikin wasan Frasier, da zarar an ba ta magana.

5. Hujja ta farko

Masu kare Hill sun ce ai shi ba ya bin mata, su ke binsa, kuma namiji ne kullum ke shan mari, ke faɗawa kududdufi, ke komawa gida da kunya. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Wanda a ke yi wa dariya dabam, wanda a ke kallo dabam. Wawan namijin nan yana da buri, yana da dabara, yana jin tsoro, yana jin kunya, mai kallo kuwa tare da shi ya ke, cikin zuciyarsa ya ke zaune, ko da yana yi masa dariya. Macen fa? Ita ce abin da ya ke so, iyakarta ke nan. Marin da ta yi masa bai hana an riga an tuɓe ta gaban mutum miliyan 21 ba. Ashe marin ya zama kamar kuɗin fito ne, a biya shi don a halatta leƙen da aka riga aka yi.

A wannan lokaci kuwa ƙasar kanta tana sakewa. A 1970 majalisar Ingila ta yi dokar daidaita albashin maza da mata, a 1975 kuma ta yi dokar hana nuna bambanci tsakaninsu. A watan Nuwamba na 1970 waɗansu mata masu fafutika suka tarwatsa gasar sarauniyar kyau ta duniya a zauren Albert na Landan, suka yi ta jifa da ƙullin gari sa'ad da mai barkwancin nan na Amurka, Bob Hope, ke kan dandamali. A 1979 aka buɗe wani gidan barkwanci mai suna Comedy Store a Landan, inda samari masu tasowa suka ɗauki raha a kan suruka da launin fata tsohon yayi. Ɗaya daga cikinsu, Ben Elton, ya soki wasan Hill a fili a 1987.

A 1989 John Howard Davies, shugaban sashen nishaɗi na Thames, ya tsai da shirin. Dalilan da aka bayar su ne raguwar masu kallo da tsadar shiryawa da gajiyar mai wasan, ko da ya ke a lokacin masu kallon sun haura miliyan 9. Hill ya rasu a gidansa a Teddington a watan Afrilu na 1992.

6. Hujja ta biyu

Da wannan salo ya fara zama abin kunya, sai ya sake riga ya dawo da sunan kwaikwayon ba'a. Misali mafi bayyana yana Italiya. A 1988 Antonio Ricci ya ƙago wani shiri mai suna Striscia la notizia a gidajen talabijin na Silvio Berlusconi, wanda ke kwaikwayon labarun yamma yana yi musu ba'a. A cikinsa akwai 'yan mata da ke kawo wa masu karanta labari takardu suna rawa, aka sa musu suna veline. Asalin kalmar sunan siraran takardun umurni ne waɗanda gwamnatin Mussolini ke aika wa jaridu. Nufin, bisa ga masu shirin, shi ne a yi wa 'yan jarida masu bin umurni shaguɓe, a kuma yi wa kafofin da ke tallar kansu da jikin mata dariya.

To, me ya biyo baya? Shaguɓen ya ɓace, 'yan matan suka saura. Kalmar ta shiga harshen Italiya da sabuwar ma'ana, watau budurwar da ke ƙawata shiri ba ta magana. Daga 2002 har gasa aka riƙa yi a talabijin don zaɓen waɗanda za su hau wannan matsayi, 'yan mata suna tururuwa. A 2009 Lorella Zanardo ta haɗa wani ɗan gajeren fim mai suna Il corpo delle donne, watau jikin mata, ta jera gutattsarin shirye-shiryen talabijin na ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Da aka gan su a jere, ba tare da barkwancin da ke lulluɓe su ba, mutane da yawa suka firgita da abin da suka daɗe suna kallo kowane dare.

Haka kuma a Amurka. Daga 1999 zuwa 2004 tashar Comedy Central ta nuna The Man Show, wanda Jimmy Kimmel da Adam Carolla suka fara gabatarwa. An shirya shi ne da sigar wuce gona da iri, kamar ana yi wa ƙauyancin maza ba'a, amma a kan rufe shi da hoton 'yan mata suna tsalle a kan wata shimfiɗa mai cilla mutum sama, kamara tana bin jikinsu.

Matsalar a nan ita ce, hoto ba ya ɗaukar habaici yadda magana ke ɗauka. Mai magana ya kan iya faɗin abu da wata murya har kowa ya gane akasinsa ya ke nufi. Amma jikin da aka nuna da sunan ba'a da wanda aka nuna da gaske, a ido duk ɗaya ne. Wanda ya zo don ba'a ya sami rabonsa, wanda ya zo don leƙe shi ma ya sami nasa, mai shiri kuwa ya karɓi kuɗin talla daga dukansu. In an zarge shi ya ce ba a gane wasan ba ne.

7. Ko akwai illa?

Mai karatu na iya cewa, duk wannan ai dariya ce, wa ta taɓa kashewa? Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. Thomas Ford na Jami'ar Western Carolina da abokan aikinsa sun buga sakamakon wani bincike a 2008. Sun nuna wa maza waɗansu gajerun wasannin barkwanci, waɗansu masu raina mata, waɗansu ba ruwansu da wannan, sa'an nan suka ce su raba ragin kuɗi tsakanin ƙungiyoyin ɗalibai. Mazan da dama can ke da ƙiyayya ga mata a zuciya, in sun kalli wasan raini, sun fi zaftare kuɗin ƙungiyar mata. Fassarar da Ford ya yi ita ce, irin wannan raha ba lalle ta dasa ƙiyayya inda babu ita ba, sai dai ta kan kwance mata dabaibayi, domin tana nuna wa mai ita cewa a wannan wuri ba wanda zai ga laifinsa.

Ta wajen mata kuwa, Barbara Fredrickson da Tomi-Ann Roberts sun bayyana a 1997 cewa macen da ta tashi inda kullum a ke auna ta da ido, ta kan koyi duban kanta da idon mai kallo, hankalinta ya rabu biyu, rabi ga abin da ta ke yi, rabi ga yadda a ke ganinta. Ba wasa guda ke yin wannan ba, amma yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Akwai kuma illa ta sana'a. Muddin aikin mace a wasan ban dariya shi ne ta tsaya a dube ta, ba za ta sami filin koyon ba da dariya ba, sa'an nan a juyo a ce ai mata ba su iya barkwanci ba. Har a 2014 sai da shugaban sashen talabijin na BBC, Danny Cohen, ya ba da sanarwa cewa ba za a ƙara shirya wasannin muhawarar raha da maza zalla ba.

8. Inda kwaikwayo ya ci sunansa

Wannan duka ba ya nufin ba'a ba ta iya tona raini. Tana iyawa, in an juya kamara. A 1985 Victoria Wood ta fara shirinta a BBC, ita ke rubutawa, mata irin su Julie Walters ke riƙe da manyan matsayi, rahar kuwa daga rayuwar matan gari ta ke fitowa, da tsofaffi da masu ƙiba da masu aikin kanti. Daga 1987 Dawn French da Jennifer Saunders suka riƙa shigar waɗansu ƙattin maza biyu masu tumbi, suna zaune suna zubar da yawu a kan matan da su ke gani a talabijin. A nan mai leƙen shi aka kafa wa ido.

A 2015 kuma Amy Schumer ta kwaikwayi tsohon fim ɗin nan na 1957, 12 Angry Men, inda mutum 12 ke muhawara a kan hukuncin kisa. A nata wasan mazan 12 sun kulle kansu a ɗaki suna gardama da gumi a kan ko ita Schumer kyanta ya isa a nuna ta a talabijin. Ba a bukaci tuɓe kowa ba, abin da aka tuɓe shi ne hukuncin kansa.

9. Kammalawa

Al'adar Hausa tana da ma'aunin da ya dace da wannan magana. Wasan da ke tsakanin taubasai, ko jika da kaka, ko Fulani da Barebari, ya kan yi zafi ƙwarai, amma ba a ɗaukarsa cin mutunci, domin sharaɗinsa shi ne kowa na da bakin ramawa. Ranar da ɗaya ya yi ta faɗa aka rufe wa ɗayan baki, ya tashi daga wasa ya koma wulakanci, ko da 'yan kallo suna dariya.

Da wannan ma'auni a ke iya auna kowane shiri, tsoho ko sabo, da tambayoyi uku. Shin macen da ke ciki tana da maganar da ke ba da dariya, ko kuwa ita ce kurum a ke magana a kanta? In an cire ta an sa wata, wasan zai rasa wani abu? In kuma an kashe murya an bar hoto kaɗai, baƙon da ya shigo zai iya rarrabe ba'ar da abin da a ke yi wa ba'a? Tseren Benny Hill da rawar veline da tsallen The Man Show sun faɗi a dukan ukun. Wasannin Wood da French da Saunders da Schumer kuwa sun tsallake, ba su kuma rasa masu dariya ba.